Filastar Kan Keken Umma

Masu bibiyata, sannunku da haƙuri. Wata daga cikinku ta rubuto min cewa, "Baiwar Allah, ki faɗa mana kina son sa ko ba kya son sa, ki daina ja mana rai." Wallahi ba jan rai ba ne. Da na san amsar, Abbana zan fara faɗa wa, don ya fi ku matsuwa da ji. Gaskiyar magana, tun da Umma ta rasu ban ƙara sanin abin da nake so ba. In an ajiye min abinci na ci, in ba a ajiye ba sai in wuni ban tuna ba. Ranar da aka fita da ita, mata na ta zubewa a tsakar gida, ni kuwa ina tsaye jikin ƙofa ina kallon mayafin wata maƙwabciyarmu da bakinsa ya warware, ina ayyana cewa yana son kalmasa. Har shigowar makon nan ban yi kuka ba. Goggo, ƙanwar Abba, ta ce taurin zuciya ne irin na 'yan zamani. Likita ya ce a ƙyale ni, kukan zai zo da kansa.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce autar gidanmu, kuma sana'ata ɗinkin bargon haɗi. Ragowar ƙyallaye nake tarowa daga wurin teloli, in yanka su ƙanana daidai wa daida, in haɗa su su zama fuska guda, in shimfiɗa auduga a tsakiya da yadi a ƙasa, in bi duka ukun da ɗinki. A wurin Umma na gada. Ɗakin aikinmu shi ne na farko in ka shigo gida, mai taga ɗaya da ke kallon titi, kuma kekunan ɗinki uku ne a ciki. Shi ya sa Yayana yake kirana Hajiyar Kekuna, wai ko masana'anta sai haka.

Kowanne da sunansa da aikinsa. Akwai Ingarma, ƙaton keke mai inji, mai faɗin wuya, shi kaɗai ke iya haɗiye bargo da audugarsa bai shaƙe ba. In ya tashi aiki, har kofin shayin Abba da ke falo sai ya yi rawa. Akwai Ɗan Lele, ƙaramin keken wuta da nake kalmasa baki da shi, ga saurin fushi, zare ya ɗan yi kauri sai ya tsinke ya yi zamansa. Sai kuma Tsoho, baƙin keken takawa da ƙafa, wanda Umma ta zo da shi gidan nan tun ba a haifi Yaya ba. A kansa take haɗa ƙyallaye. Zanen furannin da ke jikinsa duk ya goge a daidai inda take ɗora hannunta na hagu.

Mutane ba sa gane dalilin tara keke, sai su ɗauka son a sani ne. Bari in gaya muku abin da Umma ta fara koya min tun ƙafata ba ta kai wurin takawa ba: keken da ya fara haɗa bargo shi ke gama shi. Duk ƙyalle biyu da ka haɗa, akwai ɗan bakin da kake bari a baya. Faɗin bakin nan ba ya zuwa ɗaya a keke biyu, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su. Bambancin bai fi silin gashi ba, amma ƙyallen da ke cikin bargo ba ya ƙirguwa. Silin nan ya hau kan silin can, kafin ka kai ƙarshen layi kusurwa ta bar kusurwa, bargo ya karkace, ka ja nan can ya tattare.

Umma kuwa ba ta taɓa yarda da layukan da kamfani ya zana a ƙarfen ƙarƙashin allura ba. Filasta ta yanka, irin wadda ake mannawa a ciwo, ta liƙa a kan ƙarfen, a jikinta take jingina bakin ƙyalle tana ɗinki. Filastar ta yi baƙi ƙirin da man keke da daɗewa. Wata rana na ce bari in sake mata sabuwa, sai da ta buge min hannu.

"Taɓa komai a ɗakin nan, ban da wannan," in ji ta. "Nan ne idona."

Ta kuma bar aiki a kan Tsoho. Bargona ne, na ɗakin aurena, wanda kowa a gidan ya san tana yi amma ba a maganarsa. Ba ƙyallen teloli ba ne shi. Akwai shuɗiyar rigar makarantata a ciki, akwai farar rigar Abba wadda dutsen guga ya ƙona wa aljihu, akwai atamfarta mai ganye-ganye da ta fi so. Ta kai shi rabi. Ranar da jiri ya ɗebe ta, allura na cikin ƙyalle a tsakiyar layi, kuma haka na bar ta. Na rufe Tsoho da wani zani. Kullum da safe in kaɗe ƙurar zanin, in koma kan Ɗan Lele in yi haɗin masu oda a kansa, yana fushi ina lallashi.

Yanzu ga Mai Tayil, mai neman aurena. Haka na ajiye sunansa a waya tun zuwansa gyaran banɗakinmu, kuma har yau ban canza ba. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum tef ɗin awo na maƙale a ƙugunsa ko da ya ci ado. Ba shi da abin kushewa, kuma wannan ne ya fi damuna, don da yana da shi da na huta da tunani. Umma ta san shi, ta kuma so shi, har takan ce mutum ne da ba ya barin aiki a karkace. Bayan rasuwarta ya jira, watanni suka shuɗe, bai taɓa cewa ya gaji ba. Danginsa ne suka gaji. Suka aiko wa Abba cewa ƙarshen makon nan za su zo su ji matsaya, a yi ko a bari.

Farkon mako ina yankan ƙyalle saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, na auna ƙaramin ɗakin gidan da na kama. Teburin keke ɗaya zai ɗauka da kujera. In an sa biyu ƙofa ba za ta buɗu ba."

Na rubuta, "To."

"To kawai?"

"To, sannu da awo."

Ya turo min fuskar dariya. Na kifa wayar na ci gaba da yanka.

Da yamma Goggo ta iso cikin leshinta ruwan hoda da mayafin nan da take yafawa in da magana a bakinta. Ba ta nemi kujera ba, a kan buhun audugata ta zauna, ya lotsa da ita har sai da ta dafa bango.

"Auta, ke wace irin yarinya ce? Mutum ya kama gida, ya yi fenti, ya shimfiɗa tayil da hannunsa, ke kina nan kina gadin ƙarafa."

"Goggo, aiki nake da su."

"Da ƙafa nawa? Ƙafa biyu Allah ya ba ki, hannu biyu, keke uku na mene ne?" Ta nuna Tsoho da haɓa. "Wancan ma yaushe rabon da ki taka shi? Kin lulluɓe shi kin sa a gaba, ki tashi da shi ki kwana da shi. Shi ya sa zuciyarki ta ƙi sakewa. Wanda ya tafi ya tafi, Allah ya ji ƙanta. Ki bari a fitar da shi ki ga in ba ki samu sauƙi ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ina jin ta kamar rediyon maƙwabta. Idona na kan maɓallin hannun rigarta, zarensa ya kusa fita, ina tunanin ko in ce ta miƙo in ɗaure mata.

"Kin yi shiru. Kin ji ni ko?"

"Na ji, Goggo."

Ashe wannan "na ji" ita ta ɗauka ta kai wa Yaya, Yaya ya kai wa Mai Tayil, kafin ta isa can ta zama "ta yarda".

Washegari na fita kai wa wata mata bargon jaririnta, daga can na biya kasuwa na sayo zare. Doguwar riga ce a jikina, ruwan toka, wadda na fi sawa tun rasuwar don ba ta neman guga. Da na dawo na tarar da motar ɗaukar kaya tana barin ƙofar gidanmu, ban kawo komai a raina ba. Mai Tayil na tsaye jikin tagar ɗakin aiki daga waje, ya sha farar riga, yana ta murza hannu. Yaya ya tare ni a ƙofa, baki har kunne.

"Hajiyar Kekuna, rufe ido!"

Ban rufe ba. Na raɓa shi na shiga.

Wani farin keke ne a tsakiyar ɗakin, sabo fil, ledarsa ma ba a gama cirewa ba, da ɗan gilashi a goshinsa irin na waya da maɓallai reras. Goggo na gefensa tana shafa shi. A inda Tsoho yake tsayawa kuwa babu komai sai shaidar ƙafafunsa huɗu a kan siminti, da wani fili mai haske da ƙura ba ta taɓa sauka a kai ba. Rabin bargon Umma na kan kujerarta, an ninke shi tsaf. An sa almakashi an yanke zaren.

"Wannan shi kaɗai yana aikin ukun nan," Yaya ke faɗa. "Da kansa yake zura zare. Har suna yake rubutawa, wallahi a gabana aka gwada!"

"Ina Tsoho?"

"Mai sayar da kekunan ya karɓa an yi musanya. Ya ce irin ƙarfensu ake nema yanzu. Ai ba kya amfani da shi, ko Goggo?"

Mai Tayil ya leƙo ta taga. "Yaya ya ce min kin yarda. Na ce tunda ɗaya ɗakin zai ɗauka, gara ya zama wanda ba za ki rasa komai ba."

Ina so ku fahimce ni a nan, don na san wasunku har sun fara zage-zage. Na nemi fushi a ƙirjina, yadda mutum ke laluba aljihu yana neman makulli. Babu. Na nemi baƙin ciki, shi ma babu. Na dubi fuskokinsu uku, kowa na jiran in yi murna, kuma babu wanda ya nufe ni da sharri a cikinsu.

"Na gode," na ce. "Allah ya saka da alheri."

"Kun gani?" in ji Goggo. "Na ce muku yarinyar nan mai hankali ce."

Da safe na zauna a gaban sabon keken. Kada in ci haƙƙinsa, keke ne na gaske. Ba ya ƙara, ba ya rawa, ɗinkinsa sumul. Na ce tunda an riga an cire bargon daga inda yake, bari in ƙarasa shi a wuce wurin. Ƙyallayen da Umma ta yanka suna cikin kwandonta a jere yadda ta bar su. Na auna bakin ɗinkinta da tef, na saita keken, na haɗa layi guda, na kawo shi jikin nata.

Kusurwar farko ta zauna daidai. Ta biyu ma haka. Daga nan ta fara gocewa kaɗan-kaɗan, kafin in kai ƙarshen layi tsakanin kusurwata da tata ya kai faɗin yatsa. Tef ba ya karanta silin gashi. Na warware, na matsar da allurar, na sake. Wannan karon ya goce ta ɗaya ɓangaren. Da na zo warwarewa ta biyu, atamfar Umma mai ganye-ganye ta ɗan yage a bakin ɗinkin, don tsohon ƙyalle ba ya jure huda a kan huda. Na ajiye. Na zauna ina kallon ɗan gilashin keken yana ta haske yana jiran umarni, har wuta ta ɗauke ya mutu don kansa.

Bayan la'asar Mai Tayil ya zo jin yadda sabon keke yake. Kayan aiki ne a jikinsa, gwiwar wandonsa fari fat da siminti. Na kawo masa ruwa a bakin ƙofar ɗakin aiki, inda muka saba gaisawa.

"Yaya baƙon naki? Ya iya aiki?"

Na ɗauko bargon na shimfiɗa a ƙasa tsakaninmu, layin da na haɗa yana jikin na Umma. Ban yi don in kunyata shi ba, bakina ne ya yi nauyi.

Ya ajiye kofin ya tsuguna. Ya sa yatsa a kusurwar farko, ya bi layin a hankali.

"Nan daidai. Nan ma. Nan ya fara gudu." Ya kai ƙarshe ya tsaya. "Hannu biyu ne a aikin nan."

"Keke biyu."

"Haka yake a wurinmu," ya ce, kamar da kansa yake magana. "In na faro shimfiɗa daga ƙofa da tazarata, wani ya zo ya ƙarasa da tasa, kafin a kai bango sai an fasa tayil." Ya ɗago. "Wane keke ne ya faro wannan?"

"Wanda aka fitar."

"Na wa ne bargon?"

"Nawa. Umma ce ta fara."

Ya daɗe a tsugune. Na ga idonsa ya sauka a kan shuɗin ƙyallen rigar makaranta, ya koma kan ɗan yagewar atamfar. Wata mota ta wuce a titi da kiɗa, ƙarar ta shigo ta taga ta fita.

"Ba wanda ya gaya min," ya ce.

"Ba ka tambaya ba."

"Ban tambaya ba." Ya miƙe, ya kaɗe gwiwa. Bai ƙarasa shan ruwan ba ya tafi.

Ranar ko saƙon sai da safe bai turo ba. Goggo ta kira ni a waya tana tambayar wane kaya zan sa ranar da baƙi za su zo, na ce duk wanda ta zaɓa. Ta ce shuɗin leshin nan mai duwatsu. Na ce to.

Ana gobe za su zo, da hantsi, motar ɗaukar kayan ta sake tsayawa a ƙofar gida. Shi da Yaya suka sauko da Tsoho, suna nishi, Yaya na mita.

"Mutumin nan sai da ya ja mana rai, wai ciniki ya faɗa. Kai kuma ka biye mata. Wallahi in ka fara haka tun yanzu, ka shiga uku!"

Suka ajiye shi, Mai Tayil ya durƙusa yana matsar da ƙafafun har kowacce ta hau kan shaidarta a siminti. Sannan ya miƙe yana share gumi, fuskarsa a sake.

"Da ƙyar muka same shi, har mai shagon ya wanke shi zai sa a kasuwa. Kin ga ma gaba ta kai mu, ya sake masa igiya, ya zuba masa mai."

Tsoho na ta ƙyalli. An wanke shi da kananzir, warin ya cika ɗakin. Ban taɓa ganinsa da tsabta haka ba, sai ya zame min kamar baƙo. Na matsa kusa na dubi ƙarfen ƙarƙashin allura. An goge shi tas, har ina ganin fuskata a ciki.

"Ina filastar?"

"Wace filasta?"

"Wadda ke nan." Na nuna wurin.

"Ai duk dattin da ke jiki ya kankare, ya ce..." Bai ƙarasa ba. Ya dubi yatsana, ya dubi fuskata.

"A jikinta Umma ke jingina ƙyalle," na ce. "Ita ce ma'aunin. Ba keken ba ne kaɗai."

Muryata ko rawa ba ta yi ba, kamar ina faɗa masa kuɗin mota ya ƙaru. Yaya ya tafa hannu.

"Kai jama'a! A kan filasta? Hajiya, bari in je kemis in sayo miki kwali guda, ki manna har a goshi!"

Mai Tayil bai yi dariya ba, bai kuma ce in yi haƙuri ba. Ya juya ya fita. Na ji tashin motar. Yaya ya tsaya yana kallona, sannan ya sa kai ya shige cikin gida yana cewa shi dai garin neman gira ba zai rasa ido ba.

Na zauna a kujerar Umma. Tun rasuwarta ban taɓa zama a kai ba, amma ranar ban ma lura na zauna ba sai daga baya. Na jawo tsumma ina goge man da ya yi yawa a jikin keken. Rana ta matsa daga taga ta hau bango.

Wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Mai Tayil: bayan wani shago, buhunan shara jingine da bango, tsummokaran mai da guntayen zare da fasassun kwarkwaro.

"Mai shagon ya ce da safe ya share shagon, a nan yake zubawa."

A raina na ce wahalar banza, wa ya taɓa neman guntun filasta a bola. Na tashi na yi salla, na dawo, na jera zaren da na sayo a kan kanta, fari da fari, baƙi da baƙi. Goggo ta aiko da shuɗin leshin a goge, na rataye shi a ƙusa a bayan ƙofa ban ko warware shi ba.

Can yamma ta fara yi, wani hoton ya shigo. Tafin hannunsa ne, baƙi ƙirin da mai, da ɗan yanka a gindin babban yatsa. A tsakiyar tafin ga wani ɗan abu a nannaɗe, baƙi, da zare ja guda ɗaya maƙale a gefensa. Na san zaren. Na atamfar Umma ne.

"Ita ce?"

"Ita ce."

"Alhamdu lillahi. To a daidai ina ake manna ta?"

Na dubi ƙarfen. Sumul yake, babu tabo, babu ko alamar danƙo. Shekara da shekaru ina kallon filastar nan a wurinta, amma in an ce in nuna wurin ba kuskuren silin gashi, ba zan iya ba. Mutum ɗaya ce ta sani. Na rubuta "ban sani ba", na goge. Na ajiye wayar a kan teburin Ingarma.

Ban san me ya sa na ɗauko bargon ba. Na warware layina gaba ɗaya a hankali, na bar na Umma zalla. Na juya shi ta baya, na bi ɗinkinta da yatsa har inda almakashi ya yanke, a tsakiyar layi, inda ta tsaya. Hudar ƙarshe tana nan, 'yar mitsitsiya. Na zura ƙyallen ƙarƙashin allura, na juya keken da hannun dama sannu-sannu, allurar ta sauko ta shige cikin hudar kamar ba ta taɓa fita ba. Na daidaita layin ɗinkinta ya miƙe. Bakin ƙyallen ya kwanta a kan ƙarfen, ya nuna wurin da kansa.

Sai dai tsohon ƙyalle ne, bakinsa na nannaɗewa. Na sa yatsan hagu na danne shi, farcena a daidai inda filastar za ta zauna. Da na duba, sai na ga tsintsiyar hannuna ta sauka a kan wurin nan da furanni suka goge. Wannan kam kananzir bai iya wanke shi ba.

"Auta."

Abba ne a bakin ƙofa, cikin doguwar rigarsa ta zaman gida. Tun ranar da aka ɗauke Umma daga ɗakin nan bai ƙara tako shi ba, ko kira zai yi daga falo yake yi. Bai shigo ba, ya dafa ƙyauren.

"Gobe mutanen nan za su zo. Ba zan yi miki dole ba, kin sani. Amma ba zan zauna gabansu baki babu magana ba. Ki ba ni abin da zan faɗa musu."

Idonsa ya sauka kan bargon da ke zube a cinyata.

"Wannan ba rigata ba ce?"

"Ita ce, Abba."

"Ta ce min ta yar da ita."

Wayata ta yi haske a kan teburin Ingarma, nesa da hannuna. Daga inda nake na karanta: "Ina ƙofar gida."

Wani abu ya ɗiga a kan ƙarfen, kusa da yatsana. Na ɗauka man keke ne. Wani ya sake ɗiga. Sai na ji ƙirjina ya buɗe da wani irin ciwo da ban shirya masa ba, na ji kewar Umma ta taso min gaba ɗaya, ta watannin nan duka. Ga shi ba hannun share fuska, ɗaya na riƙe da keke, ɗaya na danne da ƙyalle.

"Abba," na ce da ƙyar, "yana waje. A ce masa ya shigo da filastar."

"Amsarki ke nan?"

"Ban sani ba, Abba. Ni dai ba zan iya ɗaga yatsana ba sai ya zo."

Abba ya dube ni, ya dubi hannuna a kan keken. Ya sa bakin hannun rigarsa ya goge ido, ya juya. Na ji takunsa, na ji ƙarar sakata, sannan na ji muryarsa a ƙofar gida.

"Shigo, ɗana. Riƙe ta da kyau, kada ta faɗi."